Rantsuwar da Lauya Ta Nema

Burnie, Tasmaniya
4 ga Maris, 2018

Ƙanwata Lesieli,

Na gode wa Allah da ya kawo mu wannan wata da rai. Ina fatan kina lafiya, ke da 'yan matanki uku da jikoki, kuma iskar bana ba ta taɓa rufin gidan mijinki, marigayi ƙanena Taniela, ba. Tun yana raye nake ce masa ya sake kwanon nan, ya tafi bai ji ba. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa. Sanyi ya fara leƙowa, ita kuwa tana riga mai labarin yanayi sani.

Ban kira ki a waya ba don Filimone ne ya saita min ita, duk abin da na taɓa yana gani. Maganar nan kuwa ba ta kunnensa ba ce tukuna.

Kin san shekara talatin ke nan muna zaune a Ostiraliya da takardar zama ta dindindin, ban taɓa damuwa da zama 'yar ƙasa ba. Bara ɗan wata 'yar cocinmu ya yi faɗa, ya yi zaman gidan yari, yana fitowa aka ɗora shi a jirgi zuwa ƙasar da ya bari yana goye. Uwarsa ta koma kamar ba ita ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Filimone ba mai rigima ba ne, amma babbar motar katako yake tuƙawa, tsautsayi ɗaya ya isa. Mijina Aisea ya rasu, yaron nan kaɗai gare ni. Na ce ba zan zauna wata takarda ta raba ni da shi ba. Na tasa shi gaba har ofishin da ake taimaka wa irinmu da shari'a kyauta, don mu nemi zama 'yan ƙasa.

Lauyar sunanta Madam Kerrigan, wata siririya mai shan shayi ba sukari, abin tausayi. Takarduna ta fara dubawa ta ce babu matsala. Da ta zo kan nasa sai ta nemi cikakkiyar takardar haihuwa. Na ce ta ɓace a ƙaura. Kashegari na koma ni kaɗai, na gaya mata gaskiya: ɗan ƙanena ne, na karɓe shi riƙo yana wata goma, kamar yadda gwaggo ke karɓa a wurinmu, kuma bai sani ba.

Ta ajiye biro ta ce, "Shekara talatin da uku, bai sani ba?"

Na ce wa zai gaya masa? Mutanen Tonga a garin nan ba su kai yatsun hannu ba, kuma babu ɗan tsibiranmu na Vava'u ko ɗaya.

Ga abin da take so. Takardar haihuwarsa na ɗauke da sunan Taniela da naki, fasfonsa kuwa na ɗauke da sunan Aisea, kuma ba mu taɓa zuwa kotu ba. Dole a haɗa sunayen biyu a nuna mutum ɗaya ne. Sai ki je ofishi a Neiafu, babban garinmu, ki karɓo takardar. Sannan ga wata na saka a ambulan, ta rubuta ta daga bakina da Turanci, na sa fassara a ƙasa. Layi biyar ce kawai, cewa ke kika haife shi kuma kin ba ni shi da yardarki da farin cikinki. Ki rantse a gaban jami'i ki sa hannu. Aikin wuni ɗaya ne, kada ki tsaya wannan nawar taki.

Yayarki,
Nunia

*

Hunga, Vava'u
29 ga Maris, 2018

Yaya Nunia,

Wasiƙarki ta iso da jirgin ruwan Talata. Muna lafiya. Rufin yana nan, na ɗora masa duwatsu. Doya ta yi kyau bana, ni kuma ina saƙar tabarmar bikin autata, bayana ne kawai ke ƙorafi. Ki riƙa shafa wa gwiwar man kwakwa da ɗumi, na Turawa ba ya shiga ƙashi.

Na je Neiafu na karɓo takardar haihuwar, ga ta nan. Ban taɓa riƙe ta a hannuna ba sai ranar. Na zauna a bencin ofishin ina karanta ta har mai shara ta tambaye ni ko lafiya.

Ɗayar takardar na karanta, na sa a cikin Littafi Mai Tsarki. Ki ba ni lokaci, Yaya.

Ba ki faɗa min ko ya yi ƙiba ba. Hoton ƙarshe da na gani na gama makarantarsa ne. Motar katakon tana da haɗari sosai?

Ƙanwarki,
Lesieli

*

Burnie
10 ga Yuni, 2018

Lesieli,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardar haihuwa ta iso, na gode. Amma wata biyu da rabi ke nan ina leƙa akwatin wasiƙa kamar budurwa, shiru. Na rubuto miki a watan Mayu, ko ba ta iso ba?

Na san abin da ke damunki. Tun kina amarya kike tsoron ofis da masu ɗamara, in kin ga mai riƙe da hatimi sai bakinki ya mutu. Babu wanda zai kama ki. Ki tafi da fasto ya tsaya kusa da ke. In kuma kina tsoron a ce kin yi laifi da kika ba da ɗa, Madam Kerrigan ta ce sun san da al'adar, ba mu ne na farko ba.

Ta matsa min ta wani gefen. Ta ce Filimone ne mai nema, shi zai sa hannu, ba za ta aika takardar da bai karanta ba. Na roƙe ta ta naɗe ta ya sa hannu a ƙasa kawai. Ta ce ita lauyarsa ce kamar yadda take tawa. Na ji haushinta ƙwarai. To na yanke shawara: in takardarki ta zo, zan zaunar da shi ranar Lahadi bayan ya ci ya ƙoshi, in gaya masa, in miƙa masa ita. In ya ga da hannunki kin ce kyauta kika yi da zuciya ɗaya, zai san ba sato shi aka yi ba, ƙauna ce ta yi masa yawa. Kin ga ke nake jira.

Ya yi ƙiba, tunda kin tambaya. Ganyen gwaza da naman gwangwani ba ya yi musu da wasa.

Nunia

*

Hunga
8 ga Yuli, 2018

Yaya Nunia,

Ina gaishe ki da girmamawa. Muna lafiya, an yi bikin auta lafiya. Wasiƙunki biyu duk sun iso. Ba jirgi ne ya yi jinkiri ba, ni ce.

Ba tsoron ofis ba ne. Sau biyu ina zuwa har ƙofar jami'in da takardar a jaka, ina juyowa. Ba zan iya ɗora hannu a kan Littafin Allah in ce da yardata da farin cikina ba, Yaya, don ba haka aka yi ba. Ban taɓa yi miki musu ba tunda na shigo gidanku.

Ki tuna ranar. Kin zo bayan coci, an shimfiɗa miki tabarma a ƙuryar ɗaki, wurin manya, mu muna wajen ƙofa. Kika ce shekara tara Allah bai ba ki haihuwa ba, kina son Filimone, ke ce ma kika raɗa masa suna. Taniela kika kalla, ba ni ba. Ya sunkuyar da kai ya ce naki ne. Me zai ce? Ke ce yayarsa, ke ce gwaggon yaron, a wurinmu babu wanda ke gaba da ke a kan 'ya'yansa. Ni matar da aka auro ce. Ina bakin ƙofa da yaron a cinya yana shan nono. Babu wanda ya tambaye ni.

Na san za ki ce na yi murmushi. Na yi. Uwata ta ja ni bayan ɗaki ta ce in na bari aka ga hawayena na zubar da mutuncin gidanmu. Ita ta zaɓo tabarma mafi kyau da babban zanen ngatu na ɓawon itace aka naɗe shi a ciki, ni na miƙa miki. Kika ce ba ki taɓa ganin mai kyauta irina ba.

Mako uku nono na zuba. Na ɗaure ƙirji da tsumma ina zuwa gona. Shekara biyu ina zama a bayanki a coci, don daga nan ake ganin ƙeyarsa. Ranar da ya fara tafiya a wurin mutane na ji. Ranar da za ku shiga jirgi na aiko cewa zazzaɓi nake yi. Lafiyata ƙalau, ina cikin gonar rogo.

Duk da haka na haƙura, don na ɗauka ya san ni. Ɗan riƙo a nan yana da gida biyu, ya ci a nan ya kwana a can, kowa ya san wadda ta haife shi. Shekara talatin ina cewa a raina, yana can ya san yana da uwa a Hunga. Da Taniela ya rasu bai zo ba, na ce aiki ne. Sai wasiƙarki ta Maris ta ce bai sani ba. Yaya, wannan ya fi min ranar tabarma zafi.

Ban ce ba ki riƙe shi da kyau ba. Na san kin yi. Ba kuma na so takardarsa ta lalace. In babu wata hanya, ki gaya min, zan je in rantse, in nemi gafarar Allah daga baya. Amma na so ke dai ki sani kafin in mutu.

Lesieli

*

Burnie
19 ga Agusta, 2018

Lesieli,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ga ni nan dai.

Na rubuta miki amsa uku na yaga. Ta farko zagi ce. Na ce wa ya kwana da shi a asibiti da asma ta kama shi? Wa ya yi shekara ashirin yana wankin zanen gado a gidan tsofaffi don ya yi makaranta? Duk gaskiya ne, amma ba shi kika ce ba. Na zauna na yi ta neman ranar a kaina, ko zan tuna na juyo na ce Lesieli kin yarda? Ban samu ba. Na tuna launin tabarmar, na tuna nauyinsa a hannuna. Fuskarki murmushin kawai na riƙe, don shi nake so. Zuciyata ta karye, ƙanwata, kuma ban san wa zan kai wa ƙara ba.

Da na ce masa ni na haife shi, ba da niyya na fara ba. Malamar makaranta ce ta ce ga mamarka, na yi shiru. Shirun ya yi daɗi, na ci gaba.

Na kai wa Madam Kerrigan wasiƙarki na fassara mata, ina kuka kamar yarinya. Ta tura min shayinta marar sukari, na sha. Ta ce ita ma ta yi kuskure da ta rubuta wa mace rantsuwa ba ta ji daga bakinta ba. Na tambaye ta ko gaskiyar za ta ɓata masa nema. Ta ce ba ta yi min alkawarin kome ba, amma abin da ake so a tabbatar shi ne wane ne shi, kuma Aisea bai ɓoye wa hukuma riƙon ba tun farko, yana cikin tsohon fayil. Wato kowa ya sani har gwamnati, ban da shi.

Ta ce, "Ki ce mata ta rubuta abin da ya faru da kalmominta. Kada ta ƙara, kada ta rage."

Na ce to in ya karanta fa? Ta ce wannan ba aikin lauya ba ne.

Ki yaga tawa. Ki rubuta taki. Ba umarni nake ba ki ba, na ga inda umarnina ya kai mu.

Nunia

*

Hunga
16 ga Satumba, 2018

Yaya,

Muna lafiya, ruwa ya yi ƙaranci amma tanki bai ƙafe ba.

Ga ta nan, na rantse a gaban jami'i, an buga hatimi. Na rubuta ranar da na haife shi da wurin. Na rubuta cewa gwaggonsa ta nema, ubansa ya bayar bisa al'ada, ni ba a tambaye ni ba kuma ban hana ba. Jami'in ya ce ya isa haka. Na ce saura layi ɗaya. Na ƙara cewa ta riƙe shi da amana, ban taɓa jin an ce ya kwana da yunwa ba. Wannan ma na rantse a kai da zuciya ɗaya.

Ba na neman ki dawo min da kome. Ya girma, ba kaya ba ne. In ya tambaya, ki ce ina gaishe shi. In bai tambaya ba, ki bar shi.

Lesieli

*

Burnie
11 ga Nuwamba, 2018

Ƙanwata,

Gaisuwa. Kin ji ni shiru, ba ni da abin faɗa ne mai daɗi.

Na gaya masa ranar Lahadin farko ta Oktoba. Na dafa masa duk abin da yake so, amma na kasa jira ya ci. Na ajiye takardun biyu kusa da farantinsa. Ya karanta ta haihuwa, ya yi dariya ya ce an yi kuskure a ofis. Ya karanta taki. Harshenmu ya yi masa nauyi, sai ya bi Turancin da ke ƙasa da yatsa, kamar lokacin da nake koya masa karatu. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

Ya ce, "Kawu Taniela da ya rasu, kika ce kada in bar aiki in je jana'iza. Ubana ne?"

Na ce e.

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi ihu ya fasa faranti da na fi so. Ya ce tana da rai? Na ce kina da rai, kina gaishe shi. Ya ce yana da 'yan'uwa? Na ce mata uku. Ya tashi ya ɗauki makullin mota, a bakin ƙofa ya juyo ya ce na gode da abinci. Bai taɓa gode min don abinci ba, ci kawai yake yi.

Ya je wurin Madam Kerrigan shi kaɗai ya sa hannu, an aika. Lahadi biyar bai zo ba. Jiya na ji ƙarar injin yankan ciyawa, na leƙa, shi ne. Ya gyara filin tsaf, ya kwashe shara, ya tafi bai shigo ba. Na tsaya bayan labule ina kallon ƙeyarsa. Na tuna da ke.

Ya nemi adireshinki a wurin lauya. In ya rubuto, kada ki gaya min abin da ya ce.

Nunia

*

Burnie
6 ga Oktoba, 2019

Lesieli,

Ina gaishe ki da yara. Na san kuna magana da shi, shi ya sa na rage damun ki da wasiƙa. Gwiwa ta kai ni ga sanda.

An ba mu. Ranar Juma'a muka yi rantsuwar zama 'yan ƙasa a zauren gari, ni da shi a layi ɗaya. Yanzu babu mai ɗora shi a jirgi sai in shi ya so. Madam Kerrigan ta zo da furanni. Abin da na nema ke nan, na samu.

Ya dawo cin abincin Lahadi tun bikin Ista. Ba ya yi min rashin kunya, kada ki yi tunanin haka. Akasin haka ne. Ya je ya yi tambaya a kan al'adunmu, ya koyo yadda ake girmama yayar uba. Ba ya zama a kujerar da ta fi tawa tsawo. Ba ya sa hannu a farantina, shi da yake sace min nama ina kallo. Da aka zo ɗaukar hoto a zauren, wata ma'aikaciya ta ce mamarka ta matso. Ya riƙe hannuna a hankali ya ce, "Gwaggona ce, ita ta raine ni." Na yi murmushi aka ɗauka. Yanzu na san yadda ake yin sa.

Ya nemi sabon fasfo, ya sayi tikiti. Zai sauka Vava'u ranar ashirin da ɗaya ga Nuwamba da jirgin rana. Ban tambaye shi kwana nawa zai yi ba, bai faɗa ba.

Ga abin da ya kamata ki sani. Kada a ba shi kaguwa, jikinsa na kumbura. Maganin asmarsa na aljihun jaka na gaba, yana mantawa, ki tuna masa in za ku hau kwalekwale. In ya yi shiru yana murza kunne ba fushi ba ne, kuka yake dannewa, kada ki matsa masa. Harshenmu yana ji fiye da yadda yake faɗa, ki hana yara yi masa dariya. Ki kai shi kabarin Taniela, amma ba ranar farko ba.

Ki je filin jirgin da kanki, kada ki aika 'yan mata. Ki tsaya a gaba, ba a bayan mutane ba kamar yadda kika saba. Ke za ki fara kiran sunansa, don zai fito yana dube-dube. Na zo ba shi hotonki don ya tafi da shi, na buɗe akwatin duka, na tarar ban ajiye ko ɗaya ba.

Nunia